Buhu ko ɗai-ɗai: yadda lissafin cefane yake juyewa idan an bar gida

Zariya gari ne na masu fita. Daga malaman jami'a na Samaru da Kongo da ke tafiya ƙaro karatu Ingila da Malesiya da Masar, zuwa likitoci da ma'aikatan jinya da suka yi horo a Shika suka samu aiki a Saudiyya ko Birtaniya, da wuya ka shiga unguwa ka rasa gidan da ke da ɗa a waje. Shawarar da ake ɗora wa mai tafiya a kan abinci kuwa kusan iri ɗaya ce a kowane gida: da ka sauka ka nemi inda ake sari, ka ajiye buhu, kada ka biye wa kantunan Turawa su ƙarar da kai da sayen ɗai-ɗai. Shawara ce ta masoya, kuma a nan gida gaskiya ce. Sai dai ta tsaya ne a kan wasu abubuwa da ba sa shiga jirgi tare da mutum.

A wajenmu buhu yana da riba saboda hatsi yana da lokaci. Masarar da aka ɗauko daga Giwa ko Anchau da kaka, sa'ad da manomi ke neman kuɗin biyan bashin taki da na aurar da 'ya'ya, kuɗinta daban ne da na masarar watan Yuli, ko da daga gona ɗaya suka fito. Wanda ya saya a Nuwamba ya zuba a sito ya tsallake tsadar damina. Ga kuma naira da ke zubewa. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci a Najeriya ta haura kashi 40 cikin ɗari, wato kuɗin da ka bari a banki suna raguwa, buhun da ka jingine a lungu yana ƙara daraja. Ko da yake wannan ma ba kullum ba ne, don waɗanda suka tara masara a kakar 2024 suna jiran ta tashi sun ga yadda ta faɗo a 2025.

Sannan tsakanin gona da tukunya hannaye suna da yawa. Dillali ya ci, ɗan sari ya ci, mai mota ya ci, mai awo ya ci, kafin a zo kan mai tebur na bakin layi da ke ƙulla shinkafa a leda. Ka tsaya gaban mai awo a kasuwar Sabon Gari ka kalli hannunsa: wani zai cika tiya har ta yi tsororuwa ya ƙara maka gyara, wani kuma ya share kanta da gefen tafinsa kafin ya juye, kuma in ka ɗaga tiyar wata sa'a ka tarar an buge gindinta ya shige ciki. Duk hannun da ka tsallake, ribarsa da ha'incinsa sun dawo aljihunka. Abin da ke sa mai kanti a Tudun Wada ya shiga mota zuwa kasuwar Singa a Kano ke nan, shi ne kuma ke sa magidanci mai hali ya sayi buhu. Wurin ajiya ba a biya masa haya ta daban, bakuna kuma ga su nan: iyali, baƙi, almajirin gida, maƙwabciyar da ta aiko a sam mata kwano ɗaya. Buhu mai kilo 50 ba ya daɗewar da ƙwari za su same shi.

A Ingila ko Amurka ko Jamus waɗancan hannaye sun riga sun haɗe sun zama ɗaya. Babban kanti irin Tesco ko Walmart ko Aldi ba ya zuwa wajen ɗan sari. Kai tsaye yake ƙulla ciniki da masana'anta da manyan gonaki, yana ɗibar kayan da babu ɗan sarin da zai iya ɗauka, da motocinsa da rumbunansa. Shi kansa ne babban ɗan sarin ƙasar, yana dai sayar maka da ɗai-ɗai ne kawai. Har ma ta kai Booker, kamfanin sari mafi girma a Birtaniya, mallakin Tesco ne tun 2018, kamar yadda Sam's Club na Amurka yake mallakin Walmart. Don haka tazarar da muka saba gani tsakanin farashin buhu da na ƙulli ta tsuke ƙwarai, a wasu kayan ma babu ita sam. Farashi kuma ba ya bin kaka da bazara, domin a Ingila, misali, yawancin shinkafar daga ƙasashe irin Indiya da Pakistan da Tailan take zuwa, a kowane wata. Lokacin da tsadar abinci ta kai ƙololuwa a Birtaniya, a watan Maris na 2023, kashi 19 da 'yan kai ne cikin ɗari a shekara guda, kuma sun ce rabon da su ga irin haka an fi shekara 40. Wanda ya taɓa sayen kwandon tumatir a Zariya da sanyi, ya koma sayensa a tsakiyar damina, ya san wannan ba tashi ba ne.

Akwai wani kuskuren lissafi da masu karɓar kuɗi daga gida suke yi, ko na tallafin karatu ko na iyaye. Tun da aka saki naira a watan Yuni na 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, tsoro ya shiga mutane, sai wasu suka riƙa ɗibar kayan abinci da zarar kuɗi sun shigo, wai kada su zube. Amma nairar ce ke zubewa. Da zarar an canja ta koma fam ko dala, an gama tsira daga wannan. Fam 300 da ke asusu za su biya haya, su biya wuta, su sayi tikitin jirgin ƙasa. In an mayar da su shinkafa da mai, mai gidan haya ba zai karɓi shinkafa ba.

Abin da ake kira sari a can ma ba abu ɗaya ba ne. Akwai na 'yan kasuwa zalla, irin Booker da Bestway a Birtaniya da Metro a Jamus, inda sai ka nuna shaidar kana da kanti ko gidan abinci kafin a ba ka katin shiga. Ko da wani ya shigar da kai, a kula da farashin da ke jikin kanta, don yawanci ba a haɗa harajin VAT a ciki ba, saboda ɗan kasuwa yana iya karɓo nasa daga hukuma. A Birtaniya ɗanyen abinci kamar shinkafa da nama da fulawa babu VAT a kansa, amma lemon kwalba da alewa da omo da tishu akwai kashi 20. Mutum ya ga katan ɗin lemo da araha, ya isa wajen biya ya ga kuɗin sun ƙaru da kashi ɗaya cikin biyar.

Wanda ya fi jan hankalin mutanenmu shi ne Costco, kamfanin da ya fara a Siyatil ta Amurka a 1983, ya shiga Birtaniya a 1993. Tsarinsa a fili yake. Kaya kala wajen 4,000 kawai yake ajiyewa, alhali babban kanti na yau da kullum yana ajiye wajen 30,000. Yana sayensu da yawa, ya ɗora riba kaɗan, ya jibge su a kan katako yadda suka sauko daga mota, sannan ya ci tasa ribar daga kuɗin zama mamba. A Amurka ƙaramin kati dala 65 ne a shekara tun watan Satumba na 2024, babban kuma dala 130, wanda ake mayar wa mai shi kashi 2 na abin da ya kashe. A Birtaniya ba kowa ake ba katin ba, sai 'yan kasuwa da masu wasu ayyuka da aka lissafa, kamar koyarwa da aikin asibiti da banki da aikin gwamnati.

Lissafin ba shi da wuya in an zauna an yi. A ce duk abin da ka saya a can ya fi na kanti araha da kashi 10. Sai ka sayi kayan da a kanti za su kai dala 650 kafin ka mayar da kuɗin katinka, daga nan ne riba za ta fara. Babban katin kuwa, ƙarin dala 65 ɗin ba zai dawo ba sai ka kashe dala 3,250 a shekara. Mai mata da 'ya'ya huɗu a Hustan ta Amurka zai wuce wannan ba tare da ya ji ba, famfas da madara da mai kaɗai sun isa. Ɗalibi gwauro da ke dafa taliya da ƙwai a ɗaki ɗaya, shi kam kyauta ya ba kamfanin. Kuma ba a yi maganar hanya ba tukuna. Waɗannan manyan rumbuna a bayan gari ake gina su, don masu mota. Marar mota ya shiga bas ya je, amma ba zai dawo a bas da buhu da jarkar mai da katan biyu ba, sai tasi, kuma kuɗin tasin sau ɗaya ya cinye rangwamen wata guda. A Amurka, inda kusan dole ne mutum ya mallaki mota kuma gidaje suna da faɗi, abin ya fi yiwuwa. A Landan ko Manchesta, labari ya sha bamban.

Wurin ajiya shi ne abin da na gida suka fi kasa fahimta. Uba zai kira daga Kwarbai ya ce, "Kai yanzu a ce ko buhun shinkafa babu a ɗakinka?" Ɗan ya ce, "Baba, Allah ya ƙara muku lafiya, ɗakin ne ba zai ɗauka ba." Uban ya ɗauka wasa ne, ko kuma yaron ya koyi almubazzaranci. Alhali gidan da yake ciki mutum biyar ne ke raba kicin ɗaya. Kowa yana da ƙofa ɗaya a kabad da layi ɗaya a firij, an manna farar takarda an rubuta suna. Aljihun firiza guda ne nasa, wanda in ya sa kaza biyu da ledar kuɓewa ya cika. Buhun albasa mai kilo 10 in ya kwana uku a ɗakin da na'urar ɗumama ɗaki ke aiki sai ya fara tsiro, dankali ma haka, kuma albasar da aka zubar da rabinta ta ninka kuɗinta ke nan. A garin da hayar ɗaki ɗaya take cinye fiye da rabin abin da ɗalibi ke samu, kowane taku na ƙasa da kuɗi aka biya shi.

Sai dai akwai inda abin ya juye ya zama alheri. A Zariya busasshen kaya muke tarawa, mu sayi ɗanye kullum, don babu mai amincewa wuta ta riƙe masa firiza mako guda. Shi ya sa muke da kauɗar tumatir da busasshiyar kuɓewa da soyayyen naman Sallah. A can wuta ba ta ɗaukewa, don haka firiza ce sito. Iyalin da suka samu gida nasu su kaɗai, sayen firiza ta kwance, ko da ta hannu ce, ya fi musu katin kowane kamfani amfani, saboda nama da kaji da kifi su ne suke cin kuɗi, ba shinkafa ba. Nan ne sari yake da riba ta gaske. Mahaucin halal zai ba ka katan ɗin cinyoyin kaji mai kilo 10 ko rabin rago a farashin da ba za ka samu a ƙananan fakitin kanti ba, ya yanka maka yadda kake so, ya haɗa da kai da ƙafa da kayan ciki in ka tambaya. A Birtaniya masu kula sukan duba tambarin shagon, domin a cikin hukumomin da ke tantance naman halal, HMC ba ta yarda a sumar da dabba kafin yanka, HFA kuma ta yarda da wani nau'in sumarwar matuƙar dabbar tana da rai lokacin da aka sa wuƙa. Kowa da malaminsa a wannan, amma gara a sani kafin a cika firiza.

Abin da ya karya darajar sari a kan kayan yau da kullum shi ne Aldi da Lidl, kantunan Jamus masu rangwame. Aldi ya shiga Birtaniya a 1990, Lidl a 1994, kuma zuwa 2022 Aldi ya ture kantin Morrisons ya zama na huɗu a girma a ƙasar. Dabararsu ta Costco ce, kaya kala kaɗan, yawancinsu da sunan kantin, amma babu kuɗin kati kuma ba a tilasta maka ɗaukar dozin. Tumatirin gwangwani, taliya, madara, ƙwai, burodi, sukari, duk ɗai-ɗai a farashin da ya yi kusa da na sari, wani lokaci ya fi shi sauƙi. Sauran kantunan ma dole suka bi, ta hanyar katin kwastoma na kyauta irin Clubcard na Tesco da Nectar na Sainsbury's, wanda in ba ka da shi farashi daban ake caje ka. Da yamma kuma akan manna rawayar takarda a kayan da wa'adinsu ya kusa, a zaftare kuɗinsu. Wanda aka rubuta wa "use by", kamar nama da kifi, kada a wuce ranar sai dai a daskarar da shi kafin ta. Mai "best before" kuwa, kamar biskit da taliya, ana iya ci bayan ranar. Kantin da ke cin mutum da gaske shi ne ƙaramin na bakin layi da ke buɗe har dare, ko da sunan babban kamfani ne a ƙofarsa. Yawancin masu kukan tsadar kanti a nan suke cefane.

Makamin mai cefane a can ƙananan rubutu ne a ƙasan takardar farashi. Dokar Birtaniya ta tilasta wa manyan kantuna su rubuta nawa kilo ɗaya ko lita ɗaya ya kama, ban da kuɗin fakitin. Wanda ya saba duba wannan zai ga abin mamaki: shinkafar kanti mafi araha, mai kilo ɗaya, kilonta ya fi na babban buhun basmati mai suna sauƙi nesa ba kusa ba. Ba iri ɗaya ba ce, gaskiya ne, kuma wanda ya san daɗin dafa-duka da shinkafar da ba ta caɓewa yana da hujjar biyan ƙari. Amma ya san daɗi ya saya, kada ya ce araha ya bi.

Kayanmu na gargajiya kuwa ba a Costco suke ba, ba kuma a Aldi ba. Suna shagunan Indiyawa da 'yan Pakistan da Turkawa da na 'yan Afirka, irin waɗanda suka cika titin Rye Lane a unguwar Peckham ta Landan. A shagon Indiyawa ana samun garin gero da sunan bajra, garin dawa da sunan jowar, ga tsamiya, ga citta da kanumfari a manyan leda a kuɗin da kanti ke sayar da 'yar kwalba. A nan babban mazubi ya fi araha ba tantama, kuma kayan ba sa lalacewa da wuri. Shagon 'yan Afirka ya fi tsada, don doya da manja da katan ɗin Indomie na Najeriya sun sha hanya, sai a taƙaita shi ga abin da babu a wani wuri.

A Malesiya da Masar da Saudiyya lissafin gida yana ɗan dawowa. Ɗaliban jami'ar Putra da ke Serdang suna kusa da kasuwar sari ta Selangor a Seri Kembangan, inda kifi da kaji da kayan miya suka fi na kanti sauƙi, ga Mydin da NSK da ke sayarwa da yawa ba tare da kati ba. Matsalar can zafi ne da danshi, gari da shinkafa ba sa jimawa ƙwari ke shiga. A Alƙahira kasuwar unguwa ta fi babban kanti arahar kayan lambu, ba sai an je kasuwar sari ta Obur da ke bayan gari ba. A Saudiyya kuwa, da yake su ma masu manyan iyali ne masu cin shinkafa, kantuna irin Panda da Othaim da Lulu da kansu suke jibge buhuna, su yi rangwame gab da azumi.

Ga wanda ba shi da mota, ba shi da wuri, ba shi da yawan baki, amma yana son ribar sari, hanyar da na ga ta fi dacewa tsohuwar al'adarmu ce ta watanda. Yadda ake haɗa kuɗi a unguwa a yanka sa a raba kashi-kashi, haka gida huɗu ko biyar suke haɗuwa a can su ɗauki rago guda, katan ɗin kaji, buhun albasa, jarkar mai mai lita 20, a zo gidan mai fili a auna a sikeli a ƙulla wa kowa nasa. Kati ɗaya ya ishi kowa, mota ɗaya ta ɗauko. Inda take ɓaci sananne ne: mai mota ya yi ta zuba mai ba wanda ya tuna da shi, wani ya ce a biya masa zai turo, sai an yi ta bi. Waɗanda tasu ta ɗore su ne masu sa kuɗin mai cikin lissafi tun farko, kowa ya tura nasa kafin a tashi mota, a rubuta komai a zauren WhatsApp kowa yana gani.

Saura abin da za a ɗauko daga gida, inda jaka biyu masu kilo 23 kowace su ne iyakar yawancin matafiya. Ɓarna ce a cika su da shinkafa ko wake ko garin masara, duk akwai su a can. Wurin na kuka ne da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yaji da kanwa, marasa nauyi, masu daɗewa, waɗanda tiya ɗaya za ta kai mutum watanni. Kilishi da dambun nama da man shanu kuwa, duk da su ne uwa ta fi son cusawa a jaka, Birtaniya ta hana shiga da nama da kayan madara daga ƙasashe irin tamu, Amurka ma ta hana naman, kuma a Amurka dole ne a bayyana wa jami'an kwastan duk abincin da ke cikin kaya. In an bayyana, iyaka su karɓe abin da bai halatta ba. In an ɓoye suka gano, akwai tara a kai.